Ranar da Inna Ta Bar Ni Na Hau Dabino

A lokacin sanyin da ya biyo bayan mayar da Dutse babban birnin jiha, wata Laraba da hantsi, na zagaya bayan gidanmu da ke gefen Limawa don in ba awaki dusa, sai na ɗaga kai na ga kwanson furen dabinonmu ya tsage, farin fure ya leƙo. Na ruga na faɗa wa Baba. Yana kwance a zaure, ƙafarsa ɗaure da karan ɗori. Mutumin da ya shekara da shekaru yana hawan dabino bai taɓa ko zamewa ba, sai ga shi keke ya kayar da shi a kan sabuwar kwalta. Da ya ji abin da na ce, ya dubi ƙafar, ya dubi rufin zaure.

Wanda bai tashi cikin dabino ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Shi dabino akwai namiji akwai mace, kuma macen ba ta yin 'ya'yan kirki sai mutum ya hau ya yanko furen namijin, ya sake hawa ya cusa shi cikin nata ya ɗaure. Barbara muke ce wa aikin. Idan fure ya buɗe aka bar shi ya kwana biyu ba a yi ba, shekarar ta wuce, sai dai a sami 'yan ƙanana marasa ƙwallo waɗanda ko awaki sai sun ga dama. Mu kuwa dabinon nan shi ne suturarmu, shi ne abin da ke riƙe gidan idan gero ya ƙare a rumbu kafin sabo ya zo.

A gidan babu wani namiji mai ƙafa sai ni, ni kuma ko katanga ban taɓa hawa ba. Ɗan wabi ne ni. Inna ta binne 'ya'ya uku kafin ta same ni, shi ya sa ake kirana Barau, kuma shi ya sa na tashi cikin dokoki kamar kaza a akurki. Ba na zuwa bakin rijiya, sai dai in tsaya daga nesa in karɓi tulu. Ba na riƙe lauje. Da damina idan yaran unguwa suka tafi kududdufi wanka, ni ne mai gadin riguna. Idan suka hau duwatsu suna zamiya a kan fasasshen bokiti har wandunansu su huje, ina ƙasa ina ƙirga wanda ya fi sauri. Langa ma an hana ni, wai tsalle da ƙafa ɗaya yana karya ƙugu. A makaranta kowane yaro yana da guntun reza a aljihu don fiƙe fensir, ni kuwa Inna ce ke fiƙe mini nawa da wuƙar yankan kuɓewa tun a gida, idan ya karye a aji sai in zauna in jira wani ya ji tausayina. Har aika wa hedimasta ta yi cewa kada a sa ni cikin masu yankan ciyawa, don akwai macizai. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ka bari sai ka girma." Ban taɓa jin ta faɗi ranar da girman zai zo ba.

Yara sun yi mini dariya, har suna kirana ƙwan Inna, amma ban taɓa jin haushinta can cikin raina ba. Ko tari na yi da rana, sai na ga ta ajiye taɓarya ta zo ta dafa goshina. Mace ce mai ƙarfin aiki, ba ta tsoron kunama, ba ta tsoron faɗa da kowa. Abu ɗaya take tsoro a duniya, shi ne ni.

Ranar nan aka aika neman mahaya. A da, da ka yi kira ka sami samari biyar, amma shekarar duk sun tafi leburanci wurin gine-ginen gwamnati, inda ake biyan su kullum da yamma. Wannan ya ce sai Juma'a, wancan ya ce sai an gama zuba kankare. Washegari wani kwanson ya ƙara tsagewa. Sai yayan Baba, Baffa Isiyaku, ya zo da sandarsa. Tsohon mahayi ne, gwiwa ta hana shi komai. Ya zauna a zaure ya ce ga yaro a gida, shekararsa goma sha biyu, a bar shi ya hau, shi zai tsaya a ƙasa ya nuna masa. Inna daga bayan ƙofa ta ce gara dabinon ya bushe har saiwa. Da la'asar na gan ta ta leƙa rumbu, ta daɗe kanta yana ciki. Da gari ya waye ta ce ta yarda, amma da sharaɗinta.

Har yau idan na tuna shirin nan sai na yi dariya ni kaɗai a shago. Ta sa aka jibge karan gero a gindin bishiyar, ta ɗora katifarta ta rimi a kai. Ta sa mini wando biyu saboda ƙaya, ta ɗora mini kwat ɗin Baba wadda ta sauko har gwiwata, ta sa mini takalmin roba. Ta ga leburori suna wucewa da hular kwano, don haka ta kifa mini kwanon tuwo a ka, ta ɗaure shi da ɗankwali ta ƙarƙashin haɓata. Baffa yana kallo, bai hana ba. Na kama bishiya na fara hawa. Ban yi tsayin mutum biyu ba takalmin ya zame, kwanon ya rufe mini ido, hannun kwat ya sarƙe a kututturen reshe. Na sulmiyo na faɗa kan katifa, kwanon yana ƙara kamar an kaɗa ƙararrawar makaranta. Ban ji ciwo ba, sai ɗan ƙujewa a haɓa. Inna ta rungume ni, ta ce an fasa, ko za mu ci ƙasa bana.

Baffa ya bari ta huce, sannan ya yi magana a hankali. "Innar Barau, ni na tsufa, ƙanina ga shi a kwance. Ranar da ba mu, yaron nan zai hau bishiyar nan ko kin so ko ba ki so ba, don ita ce gadonsa. Gara ya hau yau ina da bakin gaya masa inda zai sa ƙafa."

Sai ta ce, "Yaya, idan ya faɗo fa?"

Ya ce, "Ban ce ba zai faɗo ba. Na ce kayan nan ne za su kayar da shi."

Da hannunta ta kwance ɗankwalin, ta cire kwat, ta durƙusa ta zare mini takalmi. Baffa ya ɗauko igiya guda ɗaya, ya zagaya ta bayan bishiyar da ƙuguna ya ƙulle, ya nuna mini yadda zan jingina baya a kanta in ɗaga ta sama kaɗan-kaɗan, yatsun ƙafata suna laluben guraben tsofaffin rassa. Inna ta ƙara sharaɗi ɗaya, kada in yi shiru. Ba ta iya kallo ba. Ta kifa goshinta a jikin bishiyar, ta rungume ta da hannu biyu kamar ita ke riƙe da ita kada ta faɗi. Ina hawa ina cewa "Ina nan, Inna," tana amsawa da "To." Ƙaya ta soke ni a dantse, na haɗiye kukan don kada ta ji. Da na isa sama na cusa furen namijin da Baffa ya ba ni, na ɗaure da ganye yadda aka koya mini, sannan na ɗaga kai. Na hango duwatsun da aka hana ni hawa, na hango rufin makarantarmu da motocin yashi suna bin sabuwar hanya. Na shagala har sai da muryarta ta tsinke daga ƙasa tana kiran sunana.

Kafin furen ya wuce na gama bishiyoyin duka. Dabino ya yi 'ya'ya sosai shekarar, kuma ni na kai shi kasuwa na yi ciniki da bakina. Daga nan sana'ata ta fara, ga shi yau da mota nake loda dabino zuwa Kano da kudu.

Babban ɗana Nura yana aiki a wani gidan ajiyar kaya a Ingila. Idan ya kira yakan ba ni labarin dokokinsu: ba ya hawa ɗan ƙaramin tsani sai an koya masa an shaida, ƙwan lantarki idan ya mutu sai a jira mai shi, a jikin kofin shayi ma an rubuta cewa da zafi. Abokan ciniki sukan kwashe da dariya idan na faɗa musu, su ce Turawa sun mayar da manya jarirai. Ni ma ina ganin sun wuce gona da iri, don wanda aka naɗe da yawa ba ya koyon tsayuwa. Amma ba na iya yin dariyar har ƙarshe. Na san irin gidan da doka ke fitowa, kuma cikin mahayan da nake sayen kaya a hannunsu akwai wanda ya faɗo, yau a keken guragu yake.

Inna ta rasu, gidanmu na da ya zama shaguna. Nawa gidan yana da katanga mai tsayi da ƙofar ƙarfe, yara suna ciki da waya a hannu, ba wanda ya san namijin dabino da macen. Kwanan baya na dawo na tarar da autana a kan reshen gwaibar tsakar gida, wadda ko kaina ba ta wuce ba sosai. Kafin in yi tunani na daka masa tsawa, ya sauko jiki a sanyaye ya shige ɗaki. Na daɗe tsaye a wurin. Hana yaro hawa ba shi da wuya, barinsa ya hau ne aiki, kuma har yau ban kai Inna ƙarfin hali ba.