Na Saci Wake Mota Guda da Shafi Ɗaya na Littafi

Kafin in lalace, ni mai buga tafireta ne a wata ƙaramar maɗaba'a a Gusau. Ba yabon kai ba, in na zauna ina bugu, mai shayin da ke kusa da mu sai ya leƙa waje ya duba ko ruwan ƙanƙara ake yi. Ina da mata da 'ya'ya uku, da wani tsohon babur wanda sai an tura shi rabin hanya kafin ya tuna shi babur ne. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Aibina guda: duk abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Da aka ba mu jiha, garin ya cika da masu neman kwangila, kowa yana son a san da zamansa. Sai wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi da dabbobi ta kawo mana aikin littafi. Kowane ɗan ƙungiya zai samu shafi guda, da hotonsa da bayanin sana'arsa, a raba a ofisoshi da kasuwanni. Wasu suka aiko da bayaninsu a rubuce, wasu suka zo suka zauna suna faɗa ina bugawa.

Cikin masu zuwa har da Alhaji Bawa, dillalin wake a Tsafe. Mutumin kirki ne, amma in ya fara magana gara ka shimfiɗa tabarma. Ya ba ni sunansa da na mahaifinsa, da inda sitonsa yake, da lambar motarsa, da sunan direbansa, ya ƙara da cewa duk farkon wata yakan tafi Kurmi da kaya ya yi kwana goma. Na ce, "Alhaji, shafi ɗaya fa aka ce." Ya ce, "Matse rubutun, Malam. Mutum ba ya ciniki da wanda bai sani ba."

Daga nan ya shiga labarin mai tsaron sitonsa, wani dattijo Baba Ilu, mutumin 'Yandoto. Ya ce tun suna samari maciji ya sare shi, shi Alhaji, a gona, Ilu ya goya shi a baya har Tsafe. Ya ce, "Ni da shi babu takarda. In na aiko mutum ya karɓi kaya, in dai ya ambaci macijin 'Yandoto, to Ilu ya san daga gare ni ne." Kun san al'adar 'yan kasuwarmu, ɗan aike ba ya karɓar kaya sai ya kawo alama, wata magana wadda daga mai aiken sai wanda aka aika wa suka san ta. Na ɗaga hannu daga tafireta na ce, "Har wannan in sa?" Ya ce, "Sa shi! Duniya ta san akwai sauran amana." Na sa.

Littafi ya fito, na ajiye kwafi ɗaya a aljihun babur. Da wasa na fara. In an yi suna a gidan wani ɗan ƙungiya, sai in je in gaishe shi da sunan kakansa da garinsu na asali, nan da nan a ja ni ɗakin manyan baƙi. Na ci naman suna a Gusau har raguna suka fara gane ni a hanya suna kauce mini. Daga nan na koma shiga manyan motoci kyauta, ina kiran sunan mai mota kamar tare muka yi makarantar allo. Wata rana a Bungudu na karɓi buhun masara da sunan wani, ba wanda ya tambaye ni komai. A ranar ce zuciyata ta ce, ashe ƙofar a buɗe take.

Farkon wata na gaba na ɗauki hayar mota na nufi Tsafe da hantsi. Na tarar da Baba Ilu zaune a ƙofar sito yana ɗinkin buhu. Na ce Alhaji ya bugo waya daga Kurmi, kasuwa ta yi kyau, a ƙara masa mota guda. Ya dube ni ya ce, "Ina direbanmu?" Na kira sunan direban, na ce motarsu ta lalace a hanya, har lambarta na faɗa. Ya ce, "To, mi yac ce ka hwaɗa min?" Na ce, "Ya ce in tuna maka macijin 'Yandoto." Dattijon nan ya yi murmushi har haƙoransa na goro suka fito. Bai iya karatun boko ba, bai san abin da ke cikin littafin ba. Da kansa ya kira masu dako, da kansa ya zaɓo mini buhunan da ba su da ƙwari. Da za mu tashi ya ba ni goro ya ce in gaida Alhaji.

Na sayar da waken a wata kasuwa mai nisa. Bayan mako biyu labari ya iso maɗaba'a cewa Alhaji Bawa ya kori Baba Ilu. Ya ce alamar nan su biyu kaɗai suka sani, don haka da bakin Ilu aka yi. Ya manta sarai shi ya sa aka buga ta. Dattijo ya koma 'Yandoto, mutane suna nuna shi da baki. Na ji, na ci gaba da bugun tafireta. Wannan shirun ya fi satar nauyi a wuyana har yau.

Wanda ya ci ya sha daɗi ba ya jin kira. Na sake buɗe littafi ina neman na gaba, idona ya faɗa kan shafin wani Malam Jaɓɓi, mai sayar da shanu da gero a Bungudu. Shi a rubuce ya aiko, ban taɓa ganinsa ba. Layi uku ne: sunansa, sana'arsa, rumfarsa. Wurin hoto fari fat. Na ce a raina, wanda ya yi mota guda a Tsafe, layi uku za su gagare shi?

Na isa rumfar na sami wani siririn dattijo da malfa da sanda. Na ce Malam Jaɓɓi ne ya aiko ni daga Gusau in karɓi gero. Ya ce, "Madalla. Zauna." Ya sa aka dama mini fura. Ya ce, "Yaya ka baro shi?" Na ce, "Lafiya lau, har ya yi ƙiba, wuyansa kamar na bajimi." Ya ce, "Kai, Gusau ta karɓe shi. Mi yab ba ka na alama?" Ba ni da komai a hannu, sai na ƙirƙira, na ce ya ce in tuna musu jar saniyar da ta haihu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Shanye furarka tukuna." Sai da na suɗe ludayi sannan ya kira maƙwabtansa ya ce, "Ku zo ku ga wanda na aiko daga Gusau ina zaune nan."

Da 'yan sanda suka bincike babur suka sami littafin, shafin Alhaji Bawa duk na ja masa layi da biro. A gaban alƙali ban wahalar da kowa ba. Na faɗi yadda aka yi, na rantse Baba Ilu bai san komai ba. Alhaji Bawa yana zaune aka karanta masa shafinsa da ƙarfi, ya sunkuyar da kai bai ɗago ba har aka gama. Aka ba ni shekara uku. Ni da raguna ke tsoro, na dawo ina lallashin ƙwayar wake guda a cikin kwanon ruwa. Matata ta koma gidansu da yara, mahaifiyata ta daina zuwa biki.

Da na fito, kafin in je ko'ina na hau mota zuwa 'Yandoto. Na sami Baba Ilu a gona yana noma, ya tsufa fiye da shekarun. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ya jingina da fartanya ya ce, "Na yahe maka, Allah ya yahe muna." Na tambaye shi ko ya koma wurin Alhaji. Ya ce, "Ya zo nan sau biyu, har da kuka. Mun gaisa, muna zumunci. Amma sito ba ni komawa. Abin da ke tsakaninmu ya kai kasuwa, kuma ranar da aka tambaya, ni ya fara zargi." Ya ci gaba da nomansa.

To, samari, ku ji daga bakin wanda ya gani. Na farko, kada ku raina ƙaramar cuta, tawa da loma ta fara. Laifin nawa ne, ba na Alhaji ba, kuma na tuba. Na biyu, in za ku sanar da duniya sana'arku, a kati ne ko a littafi ko a duk abin da zamani zai kawo, ku faɗi sunanku, da abin da kuka iya, da inda za a same ku. Ranar tafiyarku, da mutanen gidanku, da sirrin da ke tsakaninku da amininku, ku bar su a ciki. Mai son ciniki da gaske zai tako ya zo, mai son ƙarin bayani tun daga nesa sau da yawa irina ne.

A gidan yari na koyi rubutun allon shago, da shi nake ci da iyalina yanzu. In mai shago ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya fara cewa in ƙara kaza da kaza, sai in leƙa gwangwani in ce, "Alhaji, fenti ya ƙare."