Kujerar da Ke Bakin Ƙofa

A layin masu gyaran rediyo da talabijin, shago na uku daga famfo, akwai wani mutum da ake ce wa Mai Kunne. Ba don girman kunnuwan ba ne, ko da yake su ma ba laifi. Shekara talatin da 'yan kai yana aikin kayan sauti, tun zamanin kaset har aka zo kan na yanzu masu lasifika shida da amfilifaya, akwatin da ke raba musu sauti, mai nauyin tsiya. Kana kunna kaya zai ce, "Ta hagu an juya mata waya," bai ko ɗago kai ba. A duba a tarar haka ne.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane haushi. In an kira shi haɗa kaya a gida, ba ya taɓa rimot sai ya zauna a kowace kujera ta falon, ya rufe ido, ya tambaya wa ke zama a nan. Wasu na cewa iyayi ne. Matarsa kuwa cewa take ya ɗana kujerun rabin gari, alhali tasu ta gida ƙafa uku gare ta, rediyonsu ma sai an mare shi yake magana. Shi dai sai ya yi dariya ya ce gidan da take ciki ba ya buƙatar ƙarin sauti.

Wata rana da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta zo shagon, ko kayan aiki ba ta cire ba. Mahaifinta, tsohon direban babbar mota, idonsa ya tafi shekara biyu da suka wuce. Abin da ya rage masa na zama cikin mutane shi ne kallon fim da iyalin gidan ke yi da yamma. Yakan zauna ya bi labarin da kunne, har ya yi musu a kan wanda ya fi gaskiya. Yayanta ya sayo manyan kayan sauti don a faranta wa tsohon. Tun ranar da aka haɗa su, Baba ya ce kansa juyawa yake, ba ya gane mai magana, ya koma ɗakinsa. Sati uku ke nan, abinci ma can ake kai masa.

"Malam, ni ba sautin ne ya dame ni ba," in ji ta. "Ya daina yi wa kowa magana. Tsoro nake ji."

Mai Kunne ya ɗauki jakarsa da tef ɗin awo ya bi ta.

Yayan ne ya tarbe su, mutumin kirki, sai dai yana son a san ya yi ƙoƙari. Ya kunna kayan don baƙo ya ji. Kai, abin ba a magana. Gilashin taga na karkarwa, kuma kowace lasifika, ta gaba da ta baya, abu ɗaya take faɗa. Mace ɗaya ce ke magana a fim ɗin, amma sai ka ji ta a gabanka, a ƙeyarka, a hagu, a dama, kamar an saka ka cikin tanki. Ashe a jerin tsare-tsaren sauraro da amfilifayar ke da su, ya zaɓi wanda ke zuba sauti iri ɗaya a ko'ina.

"Shida na saya," ya ce. "Shida nake so in ji suna aiki."

Mai Kunne ya haɗiye abin da ya zo masa baki, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe. Da ya gama ya ce, "Ina ta Baba?"

Aka nuna masa wata ta katako a bakin ƙofa, nesa da doguwar kujerar da ke fuskantar talabijin. Tsohon ya zaɓe ta ne don taku tara ce daga ɗakinsa, ba sai an riƙe masa hannu ba. Yayan ya ce ai sai a matso da ita tsakiya. Mai Kunne ya ce kujerar ba inda za ta, kayan ne za su zo wurinta.

Nan ya tuɓe agogo ya shiga aiki. Lasifikar tsakiya, wadda ita ce ke ɗauke da maganar 'yan fim, an cusa ta cikin kabad an rufe don kada ta ɓata ado. Ya fito da ita yana ƙunƙuni, ya ɗan karkata ta wajen ƙofa, ya ƙara mata murya. Babbar lasifikar da ke ƙasa, mai gurnanin nan, ya rage mata kaifi. Ya auna tazarar kowace lasifika zuwa kujerar katakon, ya shigar da awon cikin amfilifayar. Daga ƙarshe ya mai da ita kan tsarin da ke bin yadda aka shirya fim ɗin, magana ta fito ta gaba, abin da ke baya ya fito ta baya.

Yayan ya kara kunne a na baya. "Malam, waɗannan ai ka kashe su."

"Da ransu. Ba su da abin faɗa ne yanzu. Kai ma da za ka gwada."

Ma'aikaciyar jinyar ta juya kai tana danne dariya.

Sauran aiki, fito da tsohon. 'Yarsa ta yi lallashi ya ƙi. Mai Kunne ya je da kansa ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya gaishe shi.

"Baba, na yi wani aiki ne, kuma duk gidan nan da ido suke ji. Ina neman wanda zai gaya mini ko na yi daidai."

Can aka ji motsin sanda.

Ya fito, dogon mutum da rama ta fara cin wuyansa, ya zauna a kujerarsa fuska a murtuke. Mai Kunne ya kunna, a hankali. A fim ɗin mutum biyu ne, mace da namiji, a cikin mota suna gardama. Maganarsu ta fito tar daga gaba. Tsohon ya daina murza kan sandar. Mai Kunne na tsugune a gefe, yana kallon fuskarsa, domin ya san in wannan bai yi ba, babu wata dabara da ta rage a jakarsa.

Sai wani rugugi ya taso daga baya, ta hagu. Tsohon ya waiga.

"Babbar mota ce," ya ce. "Da kaya a kanta. Za ta wuce su, kuma yaron da ke tuƙa ta bai sauya giya ba."

Babu komai a allon sai mutum biyun. Kowa ya zuba ido. Sai ga ta ta kunno kai ta gefen tagar motarsu, ta wuce, ƙararta ta bi ta gaba ta ɓace. Yayan ya buɗe baki ya kasa rufewa. 'Yar ta sa gefen mayafi a ido.

Mai Kunne ya fara naɗe tef ɗinsa, daɗi ya cika shi. Ya miƙa hannu zai kashe kayan ya nuna musu maɓallan da ba a taɓawa.

"Ɗana, bar shi tukuna," in ji tsohon. Ya laluba ya jingine sandar a bango, ya gyara zama. "Ke, kawo mini abincina nan. Ku kuma ku yi shiru, mutumin nan ƙarya yake yi mata."