Taya Ujagar: Ɗakin Takalma da Fitilar Ranar Alhamis

Kafin mai karatun asuba ya kunna lasifika, Taya Ujagar Singh ya riga ya buɗe ɗakin takalma. Ɗakin yana hannun hagu in ka shigo ƙofar gurduwararmu ta Kotla Rangi, wato gidan ibadarmu mu Sikh mabiya Guru, ɗan ƙarami ne, kantoci na katako har rufi, sai wata taga mai faɗi da ake miƙo takalma ta cikinta. Zai share, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buhunsa, ya jera buroshi da tsumma da allura da gwangwanin ƙusoshi. Daga nan sai ya tsaya a bakin tagar, rawaninsa shuɗi ya koɗe, yana jiran mutum na farko. Tun ina ɗan makaranta nake ganinsa a wurin nan, yau ga ni na yi ritaya daga koyarwa, gemuna ya yi fari, shi bai gusa ba. Duk gari Taya muke ce masa, wato yayan uba, har waɗanda suka girme shi.

Da hannu biyu yake karɓar takalmi. Ko na mai gonaki ne, ko silifas ɗin robar leburan da ya zo shukar shinkafa daga Bihar, hannu biyu ne, kuma a kanta ɗaya yake jera su. Akwai wani attajiri da ya taɓa yi masa ƙorafi a kan haka, wai taɓon silifas ya ɓata masa fata. Taya ya ce, “Yi haƙuri, Sardar ji, zan goge.” Ya goge, ya sake mayar da shi kusa da silifas ɗin. Mutum zai shiga da takalmi mai ɓallen maɗauri, ya fito ya tarar an ɗinke, in ya yi godiya Taya ya yi kamar bai ji ba. 'Yan matan amarya ne kaɗai suka iya da shi. Ranar biki in sun zo satar takalman ango don su karɓi kuɗin fansa, zai tare taga ya ɗaure fuska ya ce, “Amana ce, ba na bayarwa.” Sai kuma ya juya baya yana tari, ya daɗe yana tarin nan har sai sun fice da gudu.

Kai ne mai durƙusa wa ƙafafun gari, Taya. Na so a ce iyakar abin da zan rubuta ke nan, mu yi dariya mu tashi. Amma tun shigowar sanyin bana hankalina bai kwanta ba.

A bayan gari, tsakanin gonakin alkama, akwai kabarin wani waliyyi na Musulmi, da 'yar katanga da koren ƙyalle. Ba Musulmi ko ɗaya a ƙauyenmu tun shekarar da aka raba ƙasar nan biyu, suka ƙaura ƙetaren iyaka. Duk ranar Alhamis da la'asar sakaliya Taya zai rufe tagarsa, ya ɗauki tsintsiya da kwalbar mai, ya je ya share wurin, ya kunna 'yar fitilar yumɓu, ya dawo. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya duba, sai da aka zaɓi sabon kwamitin gurduwara, Harkirat Singh ya zama shugaba.

Harkirat ɗalibina ne, kuma ba zan yarda a zage shi a gabana ba. Ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a Kanada, ya dawo da ciwon baya da wani tsoro da ba ya barinsa barci: ɗansa na fari ya aske gashin kansa a can, abin da addininmu ya hana, ya yar da rawani. Tun daga nan Harkirat yake ganin addininmu kamar gishiri a bakin rafi. Rannan a rumfar mai shayi ya ce da ni, “Masta ji, kai ka koya mana tarihi. Kakanninmu sun sha duka, sun sha ɗauri, don a daina lissafa mu cikin Hindu ko cikin Musulmi. Ƙa'idarmu ta hana bin kaburbura, ko ƙarya na yi? To mutum da rawani da wuƙar alkawarin addini a ƙugu yana kunna wa kabari fitila, me zan ce wa yara?”

Na ce ba ƙarya ya yi ba. Wani tsoho da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, “Kai yaro, kakarka ta je kabarin nan, ta je wankan kogi irin na Hindu, ta dawo ta yi ta girki a kicin ɗin gurduwara har ta mutu. Wa ya isa ya ce ita ba Sikh ba ce?”

“Ai saboda irin wannan aka yi gyara, Baba,” in ji Harkirat. “Da an bar mu a haka, da yanzu mun narke.”

“Narke? Ka dube ni da kyau, kilo nawa na rage?”

Aka yi dariya, ban da ni. Wannan gardama ta girmi dukanmu, malamai sun cika littattafai da ita, wasu na cewa kakanninmu ba su san wata katanga tsakanin addinai ba, wasu na cewa katangar tana nan tun farko, sakaci ne ya rufe ta. Na koyar da ɓangarorin biyu a aji ina jin daɗin bakina. Ban taɓa zaton za ta sauko daga allo ta nufi ɗakin takalma ba.

Aka kira Taya gaban jama'a bayan addu'ar safe. Ya tsaya ya haɗa hannuwa, dattawa biyar suna zaune, Harkirat ya karanto laifi. Aka ce ya yi magana.

“Ban taɓa sunkuya wa kabarin nan ba,” in ji shi. “Ban taɓa roƙon komai a wurin ba. Goshina a nan kaɗai yake taɓa ƙasa. Ranar da Musulmin garin nan za su tashi, Mehar Din mai kula da wurin ya kawo wa babana kwalbar mai, ya ce, Kehar, riƙe mini fitilar nan har in dawo. Babana ya ce to. Da zai mutu ya ce da ni, ni ma na ce to.”

“Taya, mutumin nan ai ya daɗe da zama ƙasa,” in ji Harkirat.

“Wataƙila. Amma bai dawo ba tukuna.”

Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Kowa ya san horon da ake yi wa mai laifi a wurinmu: a sa shi goge takalman jama'a, don girman kansa ya karye. Babban cikinsu, da bakinsa ya saba, ya gyara murya ya ce, “An yanke cewa Ujagar Singh zai goge takalman…” Bai ƙarasa ba wata mata ta tuntsire da dariya a ɓangaren mata, zauren duka ya ɗauka. Na ga kunnuwan Harkirat sun yi ja, na kuwa san shi tun yana yaro, ba ya jure a yi masa dariya. Ya miƙe ya ce tunda goge takalmi ba horo ba ne a wurin Taya, to horonsa a hana shi. Kada ya sake taɓa takalmin kowa sai ya bar fitilar, in kuma bikinmu na Maghi na tsakiyar sanyi ya zo bai bari ba, ɗakin ya fita daga hannunsa har abada.

Taya ya kwance makullin ɗakin daga igiyar wuyansa ya ajiye. Ban taɓa ganin hannuwan nan ba aiki ba sai ranar, ya rasa inda zai sa su.

Washegari Harkirat da kansa ya tsaya a tagar, don a gaskiya ba malalaci ba ne. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi, raɓa ta daskare a kan alkama. Mutum na farko ya iso ba takalmi. Na biyu ma haka. Ba wanda ya shirya abin, daga wannan gida ne ya tsallaka wancan, mutane suka riƙa barin takalmansu a gida suna takowa a ƙasa. Ni ma na bar nawa, ina taka tsakuwa ina cije baki. Kantoci suka wuni wayam. Can sai ga Bebe Nasib Kaur, mahaifiyar Harkirat, tana dogara sanda, dugaduganta a tsattsage.

“Bebe! Ina takalmanki?”

“Suna gida.”

“Da ciwon sukarin naki? Likita bai ce ko a tsakar gida kada ki taka ƙasa ba?”

“Mai karɓarsu ba ya nan, wa zan ba?”

“Ga ni nan, ni ɗanki!”

“Na gan ka. Matsa in wuce.”

Mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba, muna cewa yanzu kwamiti zai gane kurensa. Aka kwana biyu a haka. Ranar Laraba da hantsi sai ga Taya a ƙofar gidana, idanunsa sun faɗa.

“Masta, wace irin ƙauna ce wannan? Ka ga ƙafar Nasib Kaur? Yatsanta ya fara baƙi. Shekara da shekaru ina tsare ƙafafun mutanen nan, yau saboda ni za a yanke wa tsohuwa ƙafa?”

Na ce ai don shi muke yi, ya ƙara haƙuri kaɗan, kwamiti zai sauko.

“In bai sauko ba fa? Yaron nan ba zai janye a gaban gari ba, uwarsa kuma ta fi shi taurin kai, ni na san gidansu. Ko in bar fitila in ci amanar babana, ko in bar ɗaki. Ƙafar ba za ta jira Maghi ba.”

Ashe mu da muke ganin muna tare masa faɗa, mu ne muka matse shi a lungu.

Safiyar Alhamis muna tsaye a bakin ƙofa, ƙafafu sun sandare, sai muka hango su tafe a hankali. Bebe Nasib Kaur ce da takalmanta na yadi a ƙafa, Taya yana riƙe da gwiwar hannunta. Daga baya jikarta ta ba mu labari cewa ya je gidan ya durƙusa ya wanke ciwon, ya sa mata su da kansa, tana zaginsa yana ɗaura maɗauri. Da suka iso taga ya ja baya, ya harɗe hannuwansa a baya don kada ya karya hukunci. Tsohuwa ta tuɓe. Harkirat ya miƙo hannu ɗaya.

“Hannu biyu, ɗana,” in ji Taya.

Harkirat ya dube shi, ya dubi ƙafar uwarsa da ke naɗe da tsumma, ya miƙo ɗayan. Sai Taya ya juyo gare mu ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba.

“Kowa ya koma gida ya sa takalmi. Ɗakin nan na Guru ne, ba gadon Ujagar ba. Na bar shi, ba sai an jira Maghi ba. Wanda ya sake zuwa ba takalmi, ni ya ci wa mutunci.”

Da la'asar na hango shi a kan kunyar gona, tsintsiya a hammata, kwalbar mai a hannu, yana tafiya kamar kowace Alhamis.

Ƙafar Bebe tana warkewa, likita ya ce an zo a kan gaɓa. Gardamar kuwa tana nan inda take. Har gobe ban ce Harkirat ya yi kuskure a ƙa'ida ba, kuma ni kaina ba zan kunna fitila a kabari ba. Tsorona shi ne garin tsare katanga mu wayi gari mun bar mutanen kirkinmu a waje. Ina kuma tsoron Alhamis ɗin da gwiwoyin Taya za su ƙi, domin ba shi da ɗa, kuma ban ga wanda zai ce masa to ba.

Kai ne ka riƙe maganar mutumin da ba ka taɓa gani ba, Taya Ujagar, ka biya da abin da ka fi so a duniya. Kai ne aka hora, ka koma kana jinyar gidan wanda ya hore ka. Mun gode, mu da ƙafafunmu da ƙafafun 'ya'yanmu. Ku kuma matasa, na nan da na ƙetare, ku yi gardamarku, ku kare addininku, ba wanda ya hana. Amma kafin ku ɗaga murya a kan wane ne Sikh na gaskiya, ku je ku tsaya a tagar nan ko da safiya ɗaya ce, ku karɓi takalmin wanda ba ku jituwa da shi.

Yanzu Taya yana zuwa addu'ar asuba kamar kowa. Jiya ina bayansa a layi, ya sunkuya ya tuɓe, ya miƙa ta tagar da ya tsaya a bayanta tsawon rayuwarsa. Sai a lokacin na fara ganin takalmansa. Duk garin nan ba wanda ya kai su lalacewa, tafin ya huje, an cusa kwali a ciki. Harkirat ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya yana jujjuya su. Da na waiwayo daga bakin zaure, na ga yana laluben gwangwanin ƙusoshi.