Wanda Ya Tafi Da Sunana

Shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi, kumandan na Filingue, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya aiko garinmu a ba shi samari. Sunana yana cikin takardar. Ni ne ɗan fari, ni ke riƙe da gonar gidanmu tun da idon Baba ya mutu, ga hatsi ya fara kai. In na tafi, babu mai cika rumbu.

Wasu sun gudu, sun ƙetare iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki. Baba ya ce banza ce, can ma wani janar yana kwasar mutane.

Dabarar daga bakin tsofaffi ta fito, kuma har yau ina jin haushinsu. Kowa ya san likitan soja ba ya ɗaukar mai rauni. Yakan buga ƙirji, ya duba haƙora, ya kori rabin layi. Sai a tura marar lafiya ya amsa sunan mai lafiya, a kore shi, magana ta mutu. Gidaje da yawa sun yi haka sun tsira. Ƙanena yana da tari tun yarinta, ga rama, ko damin hatsi ba ya iya ɗauka.

"Kai za ka tahi," Baba ya ce wa ƙanena. "Da sun ji tarin ga, gida za su maido ka."

Ƙanena ya yi dariya, ya ce mini, "Yaya, yau dai tarina ya yi rana."

Daɗi na ji, wannan ita ce gaskiya, kuma ita ke cina.

Abin da tsofaffi ba su sani ba, a shekarar nan likita bai buga ƙirjin kowa ba. Duk mai tsayuwa da ƙafafunsa an sa shi mota zuwa Yamai. Ina gona aka zo aka faɗa mini an tafi da ƙanena. Da na tashi a lokacin, da na cim musu. Na ci gaba da noma.

Damina biyu muka yi babu labari. A ta uku aka kira mu ƙofar kumandan, ni da Inna. Tafinta ya karanta takarda: soja ya rasu a asibiti, a wata ƙasa mai sanyi, bai ma kai fagen daga ba. Ga bargonsa. Amma kafin a ba da kayan, sai uwa ta faɗi sunan mamacin da bakinta, ya yi daidai da na takarda.

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin nawa a bakinta ba.

"Inna, wa ya mutu?" in ji tafinta. "Hwaɗi mu ji."

Inna ta juyo ta dube ni, ta faɗi sunana.