Gwiwar Hajja Maryam da Jiragen Ruwa Biyu

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da aka zaunar da ni a tsakiyar wani falo a unguwar Hindawiyya ta Jidda aka ce in raba gardamar da masu ita suka rantse babu ita. Tunda ku sababbi ne a wannan aiki, bari in ba ku labarin yadda nake tuna shi. Mai yiwuwa na manta wasu wurare, amma ina jin gundarinsa yana nan.

Lokacin ina mutadarrib, wato ma'aikacin da ke cikin watannin gwaji. Ban daɗe da gama jami'a ba, inda na karanta harkar yawon buɗe ido, sai aka ɗauke ni a tsohon ofishinmu na Ruwais. Sama da ni akwai mushrif, mai duba aikinmu na kullum, Ustaz Tijjani, Bahaushen Sudan ne mai yawan dariya. Sama da shi akwai mudir, wato manaja, wanda ba ma ganinsa sai abu ya lalace. An ba ni teburin jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda ke tashi daga tashar Jidda su zaga Bahar Maliya su dawo.

Kun dai san halina. Ba na son in ce wa mutum yi kaza, ya yi, ya dawo yana da-na-sani. Duk tambayar da aka yi mini, amsata takan fara da "ya danganta". Har Ustaz Tijjani ya taɓa tambayata ko zan sha shayi, na ce ya danganta, ya yi ta ba da labarin har a masallaci.

Ranar wata Lahadi, ana dab da hutun makaranta na lokacin sanyi, wani mutum ya shigo. Sunansa Adamu, amma kowa Abu Rayyan yake ce masa. Da ya ji ni ina Hausa a waya sai ya jawo kujera ya zauna gabana kamar mun saba. Ya ce so yake ya fita da mahaifiyarsa, Hajja Maryam, da matarsa da 'ya'yansa.

"A Jiddan nan aka haife ta," in ji shi. "Tun tana yarinya take kallon tekun nan daga Kornish, titin bakin ruwa, ba ta taɓa hawa kansa ba. Bana na ce halas, ya isa haka, sai ta hau."

A wannan hutun jirage biyu muke da su. Na juya masa allon kwamfuta na yi bayani. Babban kamar unguwa guda yake, da dubban mutane, da gidajen cin abinci iri-iri, da wuraren wasan ruwa, da asansir masu hawa da mutum bene-bene. Saboda girmansa ba a cika jin tangaɗin ruwa ba. Amma akwai hayaniya da bin layi, kuma daga ɗakinka zuwa wurin abinci tafiya ce. Ƙaramin kuwa shiru gare shi, ma'aikata kan san mutum da sunansa, yana shiga kusa da ƙananan tsibiran da babban ba ya iya kusanta. Sai dai abin yi kaɗan ne, matakala ta fi yawa, in iska ta tashi kuma ciki yakan sani.

"Tayyib. Kai wanne ka ga ya fi?"

Na ce ya danganta.

Ya dube ni, ya ce zai je ya yi shawara da gida. Sai na yi masa abin da muke kira hajiz na wucin gadi a jiragen biyu. Ga waɗanda ba su fara yi ba tukuna: kamfanin jirgi yakan riƙe maka ɗakuna na 'yan kwanaki ba tare da an biya ba. In wa'adi ya cika ba ka tabbatar ba, sai a sake su. A lokacin hutu kuwa, ɗakin da aka saki ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Wa'adinmu Alhamis ne da azahar.

Ranar Litinin Abu Rayyan ya dawo shi kaɗai. Ya rage murya ya ce ƙaramin za a ɗauka.

"Saboda Ummi. Gwiwarta ba ta son doguwar tafiya, kuma ba ta son hayaniya."

Na ce to, in tabbatar? Ya ce a'a, in dakata, ba zai yanke magana a gaban mahaifiyarsa ba, sai ta faɗa da bakinta. Daga nan ya shiga tambayoyi. Ana barin mutum ya jefa fatsa in an tsaya a tsibiri? Gaskiya ne a can waya ba ta kamawa? Da na ce mai yiwuwa ta riƙa ɗaukewa, sai na ga fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir. Ni dai ban taɓa jin ciwon gwiwar da ke buƙatar fatsa ba.

Ranar Talata da hantsi sai ga wata tsohuwa da sanda, direban tasi yana riƙe mata ƙofa.

"Ina yaron nan ɗan unguwar Nuzla mai jirage?"

Na miƙe na gaishe ta. Hajja Maryam ce. Ta zauna, ta tambayi sunan mahaifiyata, ta gano cewa ta san kakata, ta gaya mini na rame. Sannan ta ce babban za a ɗauka.

"Saboda yara, ya waladi. Ni me zan yi da jirgi? Ni ko a kwale-kwale aka sa ni, alhamdu lillahi. Amma yara suna son wasa."

Na ce gaskiya ne, Hajja. In tabbatar? Ta ce in rufa mata asiri, kuɗin ɗanta ne, ba za ta zaɓar masa yadda zai kashe su ba. Ita ma ta shiga tambayoyi. Asansir ɗin nan na gilashi da ta gani a wayar maƙwabciyarta, ana barin mutum ya hau ya sauka ko ba inda za shi? Askirim ɗin da aka ce ana bayarwa duk yini, akwai mai ƙirga wa mutum? Wurin tausa na mata, mata ne zalla a ciki? Na amsa iyakar sanina. Da za ta tafi ta nuna ni da sanda.

"Adamu bai san na zo ba. In ya sani, kai ne."

Na kai wa Ustaz Tijjani maganar. Na ce ɗa yana son ƙarami saboda uwa, uwa tana son babba saboda jikoki, kowa ya hana ni tabbatarwa, ga Alhamis ta ƙarato.

"To ka zaɓa musu mana, ya zol," in ji shi, kamar yadda 'yan Sudan ke kiran mutum.

"In na zaɓa ba daidai ba fa?"

"Sai su zage ka. Ba a taɓa zaginka ba ne?" Ya ci gaba da cin ful ɗinsa, dafaffen waken da yake so. "Yalla, kira mutumin ka ce za ka je gidan. Kowa ya faɗi tasa a gaban kowa."

Haka na isa Hindawiyya ranar Laraba bayan la'asar, da kwamfuta a hammata. Tsohon gida ne mai ƙunƙuntar matakala. Aka shigar da ni falo, aka kawo shayi da na'ana'a da dabino da biskit ɗin ma'amul. Hajja tana kan kujera, ta gaishe ni kamar ba ta taɓa ganina ba, har da tambayar ɗan wane ne ni.

Na ce ko za a kira yaran su ga hotunan wuraren wasa. Aka kira su. Rayyan ya shigo, ya sunkuya don kada ya bugi ƙofa, da gemunsa cif. Ƙaninsa, wanda shi ne auta, gashin baki ya fara fito masa. 'Yar'uwarsu kuma tana shekarar ƙarshe a jami'a. Waɗannan su ne yaran da ke son wasa. Na dubi Hajja, ta dubi silin.

Na sake yin bayanin jiragen daga farko, na ba kowanne haƙƙinsa daidai wa daida, don kada a ce na karkata.

"Ummi, ke za ki faɗa," in ji Abu Rayyan.

"Ni? Ni ai kaya ce, inda aka ajiye ni nan zan zauna. Ku tambayi yara."

"Rayyan?" in ji mahaifinsa.

"Ayyi shai," in ji shi, wato ko wanne. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. "Illi tibgha Sitti." Abin da kakarsa ke so.

Aka juya ga Ummu Rayyan, matar gidan. Ta ce ita da Hajja ke zaune, ina ita ina magana. Aka dawo kan Abu Rayyan, ya ce shi ɗan aike ne. Maganar ta zaga falon ta dawo inda ta fara, aka ƙara shayi, ta sake zagawa. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ɓata rai. Kowa sai tura wa na kusa da shi yake, cikin ladabi.

Can Abu Rayyan ya yi ajiyar zuciya.

"To in abin zai zama wahala, a bar shi. Mu tafi Ɗa'if kamar kowace shekara, jirgi sai wani lokacin."

"Ɗa'if ma ai wuri ne," in ji Hajja.

Ta ajiye kofinta a hankali, ta gyara mayafinta, ta shiga jan carbi. A nan na ga wasan ya ƙare. Matar da ta ɗauki tasi ita kaɗai ta zo Ruwais don ta tambayi asansir na gilashi za ta koma Ɗa'if, kuma ba za ta taɓa cewa uffan ba. A shekarunta, a gaban surukarta da jikokinta, ba za ta buɗe baki ta ce tana son jirgi mai kiɗa da askirim ba. Shi kuma ɗan ba zai ce ya fi son kifi a kan abin da uwarsa ke so ba. Ni kaɗai ne a falon nan da ba ni da kunyar kowa.

Na yi gyaran murya. In ban manta ba, na fara da cewa ni ba likita ba ne, kuma Allah ne masani, kuma kowane jirgi da alherinsa.

"Ya ustaz," in ji Abu Rayyan, "magariba ta kusa."

"Babban," na ce. Na maimaita da ƙarfi. "Babban za ku hau. Saboda gwiwar Hajja. Ƙaramin matakala gare shi, kuma in ruwa ya motsa, mai sanda shi ke fara ji. Babban yana da asansir ko'ina. Ni a matsayina na ma'aikaci ba zan sa ta a ƙaramin ba."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Gwiwar nan Abu Rayyan ne ya fara kawo ta ofis, yanzu ba shi da hanyar janye ta.

Hajja ta tafa hannu.

"La haula! Mai hayaniyar nan? Ni fa ƙaramin nake so, in samu in yi lazimina cikin natsuwa. Amma tunda mai ilimi ya hana, ya zan yi? Adamu, kada ka yi masa musu, karatunsa ke nan. Ku ƙara masa ma'amul."

Abu Rayyan ya rako ni har bakin titi. Ya dafa kafaɗata.

"Allah ya isa tsakanina da kai a kan kifina," ya ce, yana dariya. "Tabbatar."

Na tabbatar da safiyar Alhamis, na saki ɗakunan ƙaramin. Kwanakin da suka yi a teku ban ci abinci da daɗi ba. Kullum ina jiran waya ta ce Hajja ta faɗi, ko ta ɓace, ko jiri ya kwantar da ita.

Ɓacewar kam ta yi, in ji Abu Rayyan da suka dawo, kusan kowace rana. A bar ta a ɗaki tana hutawa, a dawo a tarar da sanda a jingine babu mai ita. Sai a bazu nema, a same ta a bene na can sama ta tara wasu tsofaffi 'yan Madina tana ba su labari. Shi kuwa ya ce hutunsa duka a bin layi da neman uwarsa ya ƙare, kuma wayarsa ba ta daina kamawa ba ko sau ɗaya. Ya ce duk laifina ne. Na karɓa.

Ban san nisan da laifin ya yi ba sai da mahaifiyata ta dawo daga wani biki a Nuzla ta tsare ni a ƙofar kicin.

"Mansur, an ce kai ne ka tilasta wa tsohuwar mutane hawa jirgi mai kiɗa? Tana ta faɗa wa mata wai ta roƙe ka ka ƙi. Haka na rene ka?"

Ban iya kare kaina ba, don Hajja ta ce in rufa mata asiri. Na ce ta yi haƙuri.

Da hutun bazara ya ƙarato, Hajja ta shigo ofis da ƙawayenta biyu, dukansu da sanduna. Ta zaunar da su a gabana.

"Ga shi nan, shi ne mara jin maganar. Yi musu bayanin nan naka mai tsawo, babba da ƙarami." Ta sunkuyo ta rage murya. "In ka gama ka tilasta mana. 'Ya'yansu za su kira ka, ka ce gwiwa."

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne bayanin jirgi rabin aikinmu ne kawai. Ku san jiragenku sosai, kada ku faɗi abin da ba haka ba ko don ku faranta wa wani. Amma mutanenmu sau da yawa sun riga sun san abin da suke so kafin su shigo. Abin da suka rasa shi ne wanda zai faɗa a madadinsu, don uwa kada ta ji kunyar ɗanta, ɗa kada ya tsallake uwarsa. Ku saurari dalilin da mutum ya bayar, sannan ku saurari tambayoyin da ya yi bayansa. In kun gane, ku faɗa da ƙarfi, ku bar su su ɗora muku. A Hindawiyya har yau sunana yaron da ba ya jin roƙon tsofaffi, kuma duk hutu sai an turo mini sababbi.