Sa Hannun Kawu a Hindawiyya

Mun tashi da asuba daga Kano, mu huɗu, kowa da niyyar Umara. Ni kuwa ban da niyyar akwai wata takarda a jakata. Kawuna, wan mahaifiyata, ya haura shekara talatin a Makka, amma sunansa na nan cikin masu biyan haraji a gida, saboda shagon ɗinkin da ya bari a Fagge. Tuni aka rufe shagon, duk da haka kowace shekara ni ke zuwa ofis in cike masa fom, in rubuta babu ciniki. Bana wani ma'aikaci ya tausaya min, ya ce wanda ba ya zaune a ƙasa, kuma ba ya samun komai a cikinta, ana iya rufe fayil ɗinsa. Sa hannunsa kawai ake so, da kwafin iƙamarsa, wato takardar izinin zama.

Daga Jidda zuwa Makka titi ne shimfiɗe kamar tabarma, baƙaƙen duwatsu hagu da dama. Direbanmu jikan Sakkwatawa ne, haifaffen can, in ya fara zance da Hausa sai ya ƙarasa da Larabci. Ɗaya daga cikinmu kuwa duk abin da ya taya sai ya juya kuɗin zuwa naira, har shayi ya fasa sha.

Da muka kammala Umara na hau tasi zuwa Hindawiyya, unguwar da Kawu ke zaune a Makka. Lunguna matsattsu, ƙamshin gurasa mai zafi, ga wani dattijo yana gasa tsire da ƙuli, sai ka rantse Sabon Gari kake. Na tarar da Kawu a kan keken ɗinkinsa, ya tsufa, gemu fari fat. 'Yarsa ta kawo shinkafa da kaza a faranti guda, ni kuma na zazzage masa kuka da daddawa. Ya daɗe yana shinshina daddawar. Ya yi ta tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sai dai in ce Allah ya jiƙansu.

Bayan la'asar na miƙa masa takardar. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa.

"Wato in na sa hannu, babu sauran inda aka rubuta sunana a Kano?"

Na ce ai hutu ne, Kawu.

"A nan baƙo ne ni, ɗana, kullum cikin sabunta iƙama. Can kuwa nakan ce ko kowa ya manta da ni, masu haraji suna cigiyata."

Na fara dariya, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ce a bar ta, wuni ɗaya ne kawai a shekara. Ya girgiza kai ya ce wahalar da na sha ta isa. Ya sa hannu a hankali, ya hura tawadar kamar mai rubutun allo.

'Yarsa ce ta rako ni bakin titi. Da Hausarta mai tsami ta ce, "Wallahi Yaya, Baba yana ƙirga watan haraji. Lokacin ne kawai kake kiransa."

Tasi ta tsaya, na shiga.

Mun sauka Kano ana yayyafi. Washegari na kai takardar, ma'aikacin ya buga hatimi ko ɗago kai bai yi ba. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, na kasance ina ganin ɗawainiya nake wa Kawu, ashe fom ne yake riƙe mana zumuncin da ni na saki. Daga bakin ofis ɗin na kira shi. Ya ce, "Lafiya? Wata takardar ce?"

Na ce a'a, gaisuwa ce kawai. Sai ya ce in ba shi labarin damina.