Ruwan Zuma ko Ruwan Toka

Wata rana a cikin adaidaita sahu, gwangwanin fenti ya ɗiga wa Sakina a gefen mayafi.

Mai gwangwanin ya yi ta ba da haƙuri, har ya karɓi lambarta don ya saya mata wani. Mudassir sunansa, yana ginin gidansa a bayan gari.

Mayafi ya zo. Zance ya biyo baya.

Da gini ya kammala, ya ɗauke ta ita da matar yayanta su ga gida. A bangon uwar ɗaki ya sa an shafa fenti kala biyu gefe da gefe: ruwan zuma da ruwan toka.

Sakina ta daɗe tana kallo. Ta jira rana ta shigo ta taga. Ruwan zuma ya yi ɗumi, kamar an kunna fitila a cikin bangon. Ruwan toka kuwa tsaf yake, amma da sanyi, irin na ɗakin jira a asibiti.

Ta zaɓi ruwan zuma.

Tun daga ranar, a zuciyarta ta kafa gado, ta rataya labule, har ta ware lungun da za ta jera littattafanta.

Bayan sati biyu ta matsa ya kai su su ga aiki. Bai yi gardama ba.

Aka buɗe ƙofa.

Ruwan toka. Bango huɗu, har saman taga.

"Yaya Mudassir, mai fenti ya yi kuskure. Ba wannan na zaɓa ba."

Yana danna waya ya ce, "Bai yi kuskure ba. Ai ba ke kaɗai na kawo ta zaɓa ba. Na san kina da hankali, kina ganin bango za ki gane, sai ki hutar da ni bayani."

Ta shafa wurin da ruwan zuman yake a da. An bi shi sau biyu, ko alamarsa babu.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da suka fito titi ta riƙe hannun matar yayanta.

"Anti, ki zama shaida. Ba zan sake shirya ɗaki a zuciyata ba, sai manyan mutum sun zo gaban Baba."

Darasi: Wanda ya nemi shawararki ba lallai ke ya zaɓa ba. Kada ki tare da zuciyarki a gidan da ba a ba ki mabuɗinsa ba.

Ki tura wa wata ’yar’uwa, wataƙila yau ake nuna mata bango.